Gem ɗinka na farko: Play Store za ka kai shi ko Steam?

Duk wanda ya fara koyon haɗa gem shi kaɗai a ɗaki, ko su biyu shi da abokinsa mai zane, akwai ranar da tambayar nan za ta tare shi: wai abin nan da nake ginawa na waya ne ko na kwamfuta? Play Store zan kai shi ko Steam, kasuwar gem ɗin kwamfuta ta intanet? Da yawa suna ɗauka duk ɗaya ne, ai in ka gama sai ka danna maɓalli a manhajar haɗa gem irin Unity ko Godot ya fitar maka da wanda kake so. Ta ɓangaren na'ura kusan haka ne, amma ta ɓangaren rayuwa ba haka ba ne sam, don zaɓin nan shi zai yanke irin gem ɗin da za ka yi, da yadda za ka riƙa wuni shekara ɗaya ko biyu masu zuwa, da wanda zai biya ka, da kuma ko mutanen gidanku za su taɓa gane me kake yi a gaban laftof har ƙarfe biyun dare.

Kuɗin shiga dai ba shi ne matsalar ba. Google na karɓar dala 25 sau ɗaya, ka buɗe asusu ka zuba gem nawa ka ga dama. Steam kuma dala 100 ne kan kowane gem, kuma suna mayar maka da ita in gem ɗin ya yi cinikin dala 1,000. Apple ma yana nan da dala 99 duk shekara kuma sai da kwamfutar Mac, shi ya sa ban ma sa shi a lissafin ba, wanda yake fama da kuɗin data ba shi zai fara da wannan ba. Kowanne kuma yana da shingensa kafin ka fito kasuwa. A Google, in asusunka na mutum ɗaya ne kuma sabo, dole sai ka tara mutum 12 sun gwada gem ɗin kwana 14 a jere kafin a bari ka sake shi ga duniya (da farko ma 20 ne, daga baya aka rage). A Steam sai ka jira kwana 30 bayan ka biya kuɗin, kuma shafin gem ɗin ya yi aƙalla sati biyu a buɗe mutane na gani kafin ranar fita. Duk waɗannan abin da haƙuri zai magance ne.

Inda aka rabu shi ne wa zai buga. Duba unguwarku kawai. Mutum nawa ne ke da kwamfutar da ake buga gem da ita, kuma suke da asusun Steam, kuma suke da katin da zai biya dala? Ƙila ba ka san ko mutum uku ba. Amma Tecno da Infinix da itel suna aljihun kowa, daga ɗan acaɓa har ƙanwarka da ke JSS, kuma suna buga abinsu, Free Fire ne, Dream League ne, eFootball ne, Ludo ne, mata da Candy Crush ɗinsu. To in gem ɗinka na waya ne, ranar da ka gama za ka iya miƙa wa Baba wayar ka ce ga abin da nake yi, ya taɓa da yatsansa ya ga ɗan mutumin ya yi tsalle, gani ya kori ji. Abokanka za su tura wa juna ta Xender, wani zai sa a status, malaminku na jami'a zai nuna wa 'yan aji, in ka yi sa'a wani gidan rediyo ya kira ka hira. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma masu ba da shawara daga Turai ba sa sa shi a lissafi don su ba su san ciwon ba. A nan saurayin da ke kulle kansa a ɗaki da laftof dare da rana, ba ya fita ofis ba ya zuwa kasuwa, ɗayan biyu ake ɗaukarsa, ko mai zaman banza ko ɗan Yahoo, kuma na biyun ya fi muni in aka ji dala ta fara shigo masa. Ranar da ka je neman aure kawun yarinya zai tambaya mece ce sana'arsa, kuma waliyyinka yana buƙatar amsar da shi kansa ya fahimta. In mace ce ma abin ya fi haka, za a ce tana ɓata lokaci da kayan yara alhali sa'o'inta sun yi gaba.

Gem ɗin Steam ba ya ba ka wannan. Kamar noman riɗi yake, ka yi wahalarsa a gida amma masu saye suna can wata duniya, Amurka da Jamus da Chaina da Rasha, kuma ba su san inda Kano ko Zinder take ba, ba su kuma damu ba. Za ka iya samun mutum 500 a waje sun biya kuɗi sun rubuta maka yabo da Turanci, amma a layinku ba wanda ya taɓa ganin gem ɗin da idonsa sai a hoto.

Sai dai fa su waɗancan suna biya, kuma nan ne lissafin waya ke rushewa. Mutanenmu ba su saba sayen gem a waya ba, kyauta ake saukewa, don haka kuɗinka daga talla zai fito, galibi ta AdMob, tsarin Google na sa talla a cikin manhajojin waya. Kuma talla ba farashi ɗaya ba ce a duniya, abin da mai talla zai biya don ɗan Amurka ya ga tallarsa ya ninka na ɗan Najeriya ko Nijar sau da yawa, saboda can ne ake sa ran mai kallon zai sayi wani abu. Ƙari a kan haka, ka san halinmu, mutum zai kashe data kafin ya buɗe gem, wani don tattali wani kuma da gangan don kar tallar ta dame shi, to in ba data ba talla, in ba talla ba ko sisi, ya buga awa uku ya ji daɗi kai ba ka samu komai ba. AdMob kuma ba ya biya sai kuɗinka ya kai dala 100, kafin nan ma da ka kai dala 10 za su aiko maka da lambar tabbatar da adireshi ta gidan waya, wadda jiran isowarta kansa wani babi ne. Akwai kuma wani tarko da ya kamata ka ja wa abokanka kunne a kai tun wuri: don Allah kar su ce za su taimake ka su yi ta danna tallar, Google na ganewa, kuma rufe asusun suke yi gaba ɗaya har da kuɗin da ka tara. Wata hanyar ita ce sayar da abubuwa a cikin gem ɗin, riga ko makami ko cire talla, a nan Google na ɗaukar kashi 15 cikin 100 na dala miliyan ɗaya ta farko a shekara, wanda ba laifi, amma sai an samu mai saye tukuna.

Za ka ji ana kawo misalin Flappy Bird, wanda Dong Nguyen na Biyetnam ya sake a 2013, aka ruwaito yana samun kusan dala 50,000 a rana daga talla kafin shi da kansa ya cire shi a Fabrairun 2014. Gaskiya ne ya faru, amma kasuwar ta canja tun tuni. Yanzu manyan kamfanoni kuɗi suke zubawa su sayi 'yan wasa ta hanyar talla a Facebook da TikTok da cikin wasu gem ɗin, suna da ma'aikatan da aikinsu kawai lissafin nawa aka kashe kan mutum ɗaya nawa ya dawo da shi. Kai da ba ka da kasafin talla, gem ɗinka zai shiga Play Store ya nutse, ba wanda zai gan shi sai wanda ka tura wa link da hannunka.

Steam ma ba aljanna ba ce, bari in yi maka lissafin a fili. Ka sa gem dala 10, Valve, kamfanin da ke da Steam, ta cire kashi 30, saura 7. In mai sayen a Amurka yake, za a sake riƙe kashi 30 na rabonka a matsayin harajin Amurka, saboda Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da su, ka ga ya dawo dala 4.90. Ga rangwame, don yawancin ciniki lokacin sale ake yinsa, ga ƙasashen da farashinsu ya fi sauƙi, ga masu mayarwa, don duk wanda ya saya cikin kwana 14 kuma bai buga awa biyu ba yana da damar karɓar kuɗinsa, abin da ke cutar masu gajeren gem sosai. Ga cunkoso, a 2023 kaɗai gem sama da 14,000 aka saki a Steam, kuma adadin ƙaruwa yake yi, mafi yawansu kuma ba su mayar da wahalar da aka sha ba. Amma duk da haka, kwafi 1,000 a Steam kuɗi ne da za ka riƙe a hannu ka canja ka sayi sola da sabuwar laftof, alhali mutum 1,000 da suka sauke gem ɗinka kyauta a waya daga gida, da ƙyar su kai ka bakin dala 100 ɗin AdMob. Kuma mutumin Steam yana neman baƙon abu, gem da aka gina kan dambe ko kan fataucin rakuma a Sahara ko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi zai iya jan idonsa daidai saboda bai taɓa ganin irinsa ba.

Yanzu yadda wuni yake a kowanne, don shi ne abin da za ka rayu da shi ba lissafin takarda ba. Mai gem ɗin waya ginin farko bai cika daɗewa ba, wata biyu zuwa shida in ƙarami ne, tsohuwar laftof ma ta isa musamman in Godot kake amfani da shi, don shi kyauta ne kuma ba shi da nauyi. Wahalar bayan fita take zuwa. Gem ɗin yana tafiya lafiya a wayarka amma a itel mai RAM 2 sai ya riƙa maƙalewa ko ya fita da kansa, wani allonsa dogo ne maɓallin ya ɓuya, wani zai ba ka tauraro ɗaya ya rubuta "baya yi" kawai ba bayani, kai kuma ka zauna kana duba ko me ya faru. Dole ka matse girmansa, don mai wayar da hotunan biki suka cika ba zai sauke abu mai nauyi ba, in ma ya sauke shi ne farkon abin da zai goge. Kullum da safe kana buɗe Play Console, shafin da Google ke nuna maka alƙaluman gem ɗinka, kana duba mutum nawa suka shigo jiya, nawa suka dawo yau, kana tunanin wace sabuwar dabara za ta sa su dawo gobe. Duk shekara kuma Google na ɗaga ƙa'idar sigar Android da dole ka bi, in ba ka sabunta ba gem ɗin ya daina bayyana ga masu sababbin wayoyi. A taƙaice rabin aikin ba ƙirƙira ba ne, gadi ne.

Mai Steam shi kuma shiru ne abokin zamansa. Shekara ɗaya, biyu, wani lokacin fiye, ba abin nunawa sai ɗan bidiyo. Mutumin da ya biya dala 10 ba zai yafe maka zane mara kyau ko sauti mai ƙara ba, yana kwatanta ka da gem ɗin da ya saya jiya, don haka ko ka iya zane da kiɗa ko ka nemi wanda ya iya ka biya shi. Kana buƙatar kwamfuta mai ɗan ƙarfi, kuma ita ba a cajinta da fawa bank, in an ɗauke wuta aiki ya tsaya sai in kana da sola ko kuɗin man janareta, loda manyan fayil kuma yana cin data ba wasa. Sannan rabin lokacinka talla ce da Turanci: buɗe shafi tun da wuri, haɗa bidiyon talla, tara mutanen da za su sa gem ɗin a wishlist ɗinsu, wato jerin abin da suke son saye, don ranar fita Steam ta aika musu saƙo, fitar da demo, wato ɗan ɗanɗano na kyauta, shiga Steam Next Fest, bikin nuna gem ɗin da ba su fito ba tukuna, da ake yi sau uku a shekara, Fabrairu da Yuni da Oktoba, wanda kowane gem sau ɗaya kawai yake da damar shiga don haka ba a shigarsa da gaggawa, rubuta wa masu nuna buga gem a YouTube da Twitch wasiƙu wanda yawancinsu ba za su amsa ba, da hira a Discord, manhajar hira ta masu gem, da mutanen da ranarsu ke farawa lokacin da kai kake jin barci. Wanda Turancinsa na rubutu bai zauna ba zai sha wuya a nan, ko gem ɗinsa ya fi na kowa kyau.

Ana yawan ba matasa labarin Eric Barone, wanda ya yi Stardew Valley shi kaɗai, zane da kiɗa da kod duka, ya fito a 2016 ya sayar da miliyoyi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne shekara huɗu da rabi ya yi yana aikin, yana ɗan aikin raka mutane kujerunsu a wani gidan wasan kwaikwayo a Seattle, kuma budurwarsa ce ke ɗauke da mafi yawan nauyin gida. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kai wa zai riƙe ka shekara huɗu, a gidan da ake jiran ka gama bautar ƙasa ka fara kawo cefane?

Misalan da suka fi kusa da mu sun fi amfani. Kiro'o Games na Yawunde a Kamaru, ƙarƙashin Olivier Madiba, sun bi hanyar kwamfuta, suka saki Aurion: Legacy of the Kori-Odan a Steam a 2016 bayan shekaru suna fama da ɗauke wuta da neman masu zuba jari. Sun yi suna, jaridun duniya sun yi ta rubutu a kansu, amma daga baya su ma suka juyo kan waya da gem ɗin da ke wasa da rayuwar ma'aikacin gwamnati a ƙasarsu, don nan jama'arsu suke. Maliyo Games na Legas, da Hugo Obi ya kafa a 2012, su gem masu sauƙi na rayuwar titi suka riƙe, irin su Mosquito Smasher da Aboki Run da Whot King, suka daɗe suna lallaɓawa har a 2024 suka yi wa Disney gem ɗin girki na Iwájú. Leti Arts na Gana da Kenya kuwa, tun 2009 suke, kuma wani babban ɓangare na abin da ya riƙe su aikin kwangila ne, wato yi wa ƙungiyoyi gem na wayar da kai kan lafiya da makamantansu. Ka lura duk waɗannan kamfanoni ne masu ma'aikata, ba mutum ɗaya ba, kuma ba wanda ya tsaya da ƙafarsa da kuɗin tallar AdMob na 'yan gida kawai. A Afirka ta Kudu ne aka fi samun waɗanda Steam ta yi wa rana, irin Free Lives na Cape Town masu Broforce, su kuma tun farko kasuwar waje suka nufa ba su ɓoye ba.

Ni dai in ka tambaye ni, gem na farko a yi shi na waya, ƙarami, wanda za a gama cikin wata uku, kuma a cire rai da kuɗinsa tun kafin a fara. Dara ce, langa ce, wasan kacici-kacici da karin magana ne da muryar Hausa a ciki, ko ma mene ne, in dai zai yi aiki ba data kuma zai tashi a ƙaramar waya. Ribarsa ba dala ba ce. Ribarsa ka koyi gama abu, wanda shi ne ya fi kayar da masu farawa, kowa na da manyan gem biyar da ya fara bai ƙarasa ba. Ka ga yadda mutum na gaske yake riƙe gem ɗinka yana ruɗewa a wurin da kai kake ganin a fili yake. Ka samu abin nunawa a gida a daina yi maka kallon tuhuma, kuma ka samu abin da za ka ɗora a tebur in wata makaranta ko ƙungiya tana neman wanda zai yi mata gem na koyar da yara, ko in za ka nemi shiga horo irin GameUp Africa da Maliyo ke shiryawa, ko aikin nesa da wani kamfani. Mutum 12 ɗin da Google ke nema ma ba asara ba ne, su ne 'yan kallonka na farko, ka zauna kusa da su ka yi shiru ka ga inda suke tsayawa.

Wanda zan ce ya tafi Steam kai tsaye shi ne mai albashi ko wata sana'ar da ke ciyar da shi, wanda yake da wuta tsayayya, zanensa ko na abokin aikinsa ya kai a sa a gaban baƙo ba kunya, Turancinsa na tafiya, kuma ya riga ya gama wani abu a baya ko da a Global Game Jam ne, wanda ake yi duk Janairu a haɗa gem cikin awa 48. Shi ma kafin ya biya dala 100 ya fara ɗora samfurin a itch.io, shafin da masu ƙananan gem ke baje kayansu, kyauta ne, ya ga ko baƙin da ba su san shi ba za su buga har ƙarshe ba tare da ya roƙe su ba, in mutanen da ba sa jin nauyinka suka dawo suna tambaya yaushe cikakken zai fito to akwai magana. Kuma kar ya ce zai yi duka biyun lokaci ɗaya, gem ɗin da aka tsara don yatsa ɗaya da minti uku a cikin A Daidaita Sahu daban yake da wanda aka tsara don mutum ya zauna awa biyu da kibod, in ka raba ƙafa kowanne ɓangare zai ji ba don shi aka yi ba.

In ka yanke Steam ɗin, tun kafin ka yi nisa ka buɗe asusun dala a banki, don kai tsaye cikin asusun banki suke turo kuɗin da dala duk wata in ya kai 100, kuma sunan da ke kan asusun dole ya zo daidai da wanda ka yi rajista da shi da wanda ke kan takardar shaidarka. Masu Muhammad a wata takarda Mohammed a wata, ko waɗanda sunan mahaifi ya zo gaba a nan ya koma baya a can, su gyara wannan tun yanzu.